Jam, catni da sauran kayan kwalba: tambayoyin masu haɗawa a gida

Duk wanda ya fara zuba 'ya'yan itace da sukari a tukunya, tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne da na waɗanda suka riga shi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, daga na ranar farko har zuwa na wanda ya riga ya ƙona tukunya biyu ko uku. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki dai gara a bar ido ya huta a ɗauko sikeli, don haka yawancin awon da ke ƙasa na nauyi ne.

Mene ne bambancin jam, jeli, mamaled da catni?

Jam 'ya'yan itace ne da aka yayyanka ko aka murƙushe, aka dafa da sukari har suka yi kaurin da za a iya shafawa. Jeli kuwa ruwan kawai ake tacewa a dafa, babu tsoka ko kaɗan, shi ya sa yake fitowa garau har ana hango haske ta cikinsa. Mamaled na dangin lemu ne, ana haɗawa da ɓawon a yanka shi siri-siri, kuma ɗan ɗacin nan da wasu ke gudu shi masoyansa ke nema. Sunan daga harshen Fotugal ya fito, inda marmelo ke nufin wani ɗan itace mai kama da tuffa, daga baya ne lemu ya gaje sunan. Akwai kuma wanda ake barin 'ya'yan ɗungurungum ko manyan yanka cikin ruwan sukari mai kauri.

Catni gidansu daban. Asalinsa Indiya, kalmar ma daga harshen Hindi take, kuma a can da yawa ɗanye ake niƙa shi a cinye a ranar. Na kwalba mai daɗewa, wanda ake dafawa da ruwan khal, sukari, albasa da kayan yaji, salo ne da Turawan Ingila suka ɗauko lokacin da suke mulkin Indiya. Shi ake nufi a nan duk inda aka ce catni.

Me ke hana jam lalacewa, alhali 'ya'yan itacen da aka yi shi da su ba sa kai mako?

Ƙwayoyin cuta da funfuna da yis ba sa rayuwa sai da ruwan da za su iya sha. Sukari yana kama ruwan ya riƙe gam, in ya kai kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyin jam, abin da ya rage musu ba ya isarsu. Tsamin 'ya'yan itacen yana ƙara takura su, tafasa tana kashe waɗanda ke ciki, murfi mai kamawa kuma yana hana sababbi shiga. Huɗun nan tare suke aiki, in aka sassauta ɗaya sai an ƙarfafa wani, ko a koma ga firji.

Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya wallafa hanyar dafa abinci cikin kwalba a rufe a shekarar 1810. Ya ga tana aiki amma bai san dalili ba, sai bayan shekaru kusan hamsin binciken Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke ɓata abinci.

Wane kayan aiki nake bukata?

Tukunya mai faɗin baki da kaurin gindi, sikeli, dogon cokalin katako, ludayi, mazurari mai faɗin wuya, da kwalabe masu murfin kirki. Faɗin tukunyar shi ne babba, don ta nan tururi ke fita da sauri, kuma jam ɗin da ya yi saurin kammala shi ya fi kyan launi da ƙamshi. Kada kayan su wuce rabin tukunyar, saboda in ya fara ɓararraka yana tasowa sosai, kuma ɗigon jam mai tafasa a fata ba ƙaramar ƙuna ba ce.

Ta silba mara tsatsa ta fi kwanciyar hankali. Tsami na cin alminiyam da baƙin ƙarfe, ya sauya launi ya bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. Tukunyar jan ƙarfe ta yi suna wajen jam saboda tana rarraba zafi daidai, amma kada a kusantar da ita ga catni, khal zai ci ta.

Sukari nawa ake sawa? Zan iya ragewa?

Awon da aka gada shi ne kilo ɗaya na sukari ga kilo ɗaya na 'ya'yan itacen da aka riga aka fere aka cire ƙwallo. Ga waɗanda suka nuna suka yi zaƙi, giram 750 zuwa 800 ya wadatar, kuma ni a nan na fi tsayawa don ɗanɗanon ɗan itacen ya fi fitowa.

Ƙasa da haka akwai wani tarko da mutane ba sa lura da shi. Jam ba ya kamawa sai sukarin cikinsa ya kai wancan kaso da aka ambata a sama. In an zuba rabin kilo kawai, dole a ci gaba da tafasawa har ruwa ya ƙone ya kai wannan kason. A ƙarshe za a samu jam ɗan kaɗan, mai duhu, wanda ƙamshinsa ya tafi da tururi, kuma zaƙinsa cokali da cokali daidai yake da na wanda aka guda. Garin neman gira an rasa ido. Wanda da gaske yake son mai ƙarancin sukari, hanya biyu gare shi: ya nemi fektin (sinadarin da ke sa jam ya yi kauri) na musamman da ke kamawa da sinadarin kalsiyam maimakon sukari, ko ya yi ɗan kaɗan mai laushi ya ajiye a firji ya cinye cikin mako biyu zuwa uku. Kayan zaƙi na roba da masu ciwon sukari ke amfani da su suna ba da zaƙi ne kawai, ba sa adana komai.

Lokacin zubawa ma yana da muhimmanci. Sukari na taurara ɓawo, don haka duk mai fata mai ƙarfi, musamman ɓawon lemu, sai ya dahu lugub kafin sukari ya shiga. Masu laushi irin su sitiroberi akasin haka ake musu: a barbaɗa musu sukari su kwana, da safe za a tarar sun fitar da ruwa kuma ba za su narke a wuta ba. Ko wanne ne, a narkar da sukarin a ƙaramar wuta har a daina jin tsakinsa a ƙarƙashin cokali, sannan a ƙara wuta.

Mece ce fektin? Dole ne sai na saya?

Wani sinadari ne da ke jikin 'ya'yan itace, shi ke manne ƙwayoyin jikinsu da juna. Masanin kimiyya Henri Braconnot na Faransa ne ya raɗa masa suna a 1825. In aka dafa sai ya fito cikin ruwa, in ya samu isasshen sukari da tsami sai ya saƙa wata irin raga da ke riƙe ruwan, abin da muke cewa jam ya kama ke nan. Masu tambaya ko daga dabba ake samunsa, a'a. Jelatin ne na dabba. Fektin na kanti daga ɓawon lemu da tukar tuffa ake fitar da shi.

Tuffa mai tsami, gwaba da dangin lemu suna da shi da yawa, ba sa bukatar ƙari. Abarba, sitiroberi, ɓaure da nunannen mangwaro nasu kaɗan ne. Ɗan itace ya fi yawan fektin gab da nuna, yana wuce nuna kuma sai ya riƙa raguwa, shi ya sa haɗa kashi ɗaya na waɗanda ba su gama nuna ba da kashi uku na nunannu yake ba da sakamako mai kyau. In ba a son saye, a tara 'ya'yan lemun tsami da farin cikin ɓawonsa, ko cibiyar tuffa da ɓawonta, a ƙulle a farin ƙyalle mai tsabta a jefa cikin tukunyar. Kafin a zuba sukari sai a ciro ƙullin a matse shi sosai. Wani abu mai yauƙi zai fito, to shi ne.

Wanda ya sayi na kanti ya bi abin da aka rubuta a jikin takardarsa. Na gari da na ruwa ba lokaci ɗaya ake zuba su ba, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya.

Me ya sa kusan kowane jam ake cewa a matsa lemun tsami?

Zaren fektin a cikin ruwa tunkuɗe juna suke yi. Tsami ne ke kwantar da wannan tunkuɗar har su yarda su haɗu. A ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, jam ya fi kamawa tsakanin 2.8 da 3.5. Babban cokali biyu na ruwan lemun tsami, wato kamar mililita 30, ga kowane kilo na 'ya'yan itace marasa tsami sosai shi ne inda ake farawa. Tsamin kuma yana farfasa wani ɓangare na sukarin, wanda ke rage haɗarin ya koma tsakuwa daga baya.

Gwanda, ayaba, kankana, ɓaure da mangwaron da ya nuna tuɓus tsaminsu ya yi ƙasa ƙwarai. A kansu lemun tsami ya wuce maganar kamawa, ya zama maganar lafiya. A duba amsar da ke bayani kan guba mai shanye jiki.

Yaya zan gane ya yi, in sauke?

Da ma'aunin zafi, ana neman digiri 104 zuwa 105 na Salshiyas. Wannan a ƙasa mai daidai da teku ke nan. A kan tudu ruwa na tafasa da wuri, yana raguwa da kusan digiri ɗaya a duk hawan mita 300. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafasa ruwa zalla a ga inda ma'aunin ya tsaya, a ƙara digiri 4 zuwa 5 a kai.

Amma na fi yarda da faranti. Tun kafin a ɗora tukunya a sa ƙananan faranti biyu ko uku a firiza. In aka ga kumfar sama ta lafa, tafasar ta daina gaggawa ta koma manyan ƙwai masu fashewa a hankali da ƙara "ɓul, ɓul", launin kuma ya ɗan yi zurfi yana sheƙi, sai a kashe wuta. A ɗiga rabin cokali a farantin mai sanyi, a jira minti ɗaya, a tura gefensa da ɗan yatsa. In saman ya yamutse kamar fatar tsoho, kuma hanyar da yatsan ya bi ta tsaya a buɗe, ya yi. In ya malalo ya rufe hanyar, a mayar wuta minti biyu ko uku a sake gwadawa da wani farantin. Kashe wutar yayin gwajin wajibi ne, don a wannan gaɓar minti biyu sun isa su ɓata aikin awa guda.

Jam ɗina ya huce amma ya tsinke kamar ruwan zuma. Ya lalace ke nan?

Bai lalace ba, kuma ba shi da illa. Da farko a ba shi kwana biyu, don wasu sai a hankali suke kamawa, mamaled ma yakan ɗauki mako ko fiye. In har yanzu ruwa ne, dalilin bai wuce ɗayan waɗannan ba: an sauke da wuri, tsami ko fektin bai isa ba, an rage sukari, ko an cika tukunya. A juye shi a mayar wuta, a ƙara lemun tsami, a tafasa da ƙarfi na 'yan mintoci, a yi gwajin faranti, a zuba a kwalaben da aka sake tsabtacewa.

Cika tukunya shi ne kuskuren da ya fi ba ni haushi, don na yi shi da hannuna. Na taɓa samun abarba da yawa, na ce bari in huta in yi duka a tashi ɗaya, na ninka awon sau uku a tukunya guda. Fiye da awa ɗaya tana tafasa ba ta kai ba. Kafin ta kai, fektin ɗin ya gaji da zafi ya mutu, launin zinariya ya koma na ƙasa, gindin tukunyar ya kama, ƙauri ya bi ko'ina. Tun daga ranar ba na wuce kilo ɗaya da rabi a tashi guda. Tashi biyu ƙanana sun fi tashi ɗaya babba sauri.

Nawa kuma ya yi tauri, cokali ma da ƙyar yake shiga. Wani kuma ya fitar da tsakuwar sukari.

Tauri alamar ya wuce wuta ne. In bai yi ƙauri ba, a ɗumama shi da ɗan ruwa ya saki, sai dai daga nan firji ne wurinsa. Tsakuwar sukari kuwa yawanci daga sukarin da bai narke ba kafin tafasa take, ko wanda ya manne a jikin tukunya aka kankaro shi cikin kwalba. Ƙarancin tsami ma na jawo ta, kamar yadda aka faɗa a amsar lemun tsami. Ana ci, ɗumi ma na narkar da ita.

Kumfar da ke tasowa datti ce?

Iska ce kawai da ta maƙale. A bar ta sai an sauke a kwashe sau ɗaya, ko a jefa ɗan man shanu kamar rabin ƙaramin cokali ta kwanta. In kuma gutsattsarin 'ya'yan itace na tasowa saman kwalba, a bar jam ya sha iska minti goma a tukunya, a juya, sannan a zuba.

Yaya ake shirya kwalabe?

A duba bakin kowace da yatsa, mai tsaguwa ko ɓantarewa a ajiye ta gefe. A wanke da ruwan zafi da sabulu, a nutsar da su a ruwa su tafasa minti 10, a bar su cikin zafinsu har lokacin zubawa. Jam mai zafi cikin kwalba mai sanyi fashewa ce. A cika har ya rage kamar milimita 6 a sama ga jam, kusan santimita ɗaya ga catni. A goge bakin da tsumma mai tsabta mai ɗan laima, don ɗigo ɗaya a nan ya isa ya hana murfi kamawa.

Kwalba ana iya maimaita ta sau da yawa, murfi ne ke gajiya. Kwalbar nan mai murfin murɗawa da John Landis Mason ya yi wa rajista a Amurka a 1858, irinta ta yau murfinta kashi biyu ne, faifai da zobe, kuma faifan sau ɗaya ake amfani da shi. Murfin catni dole ya zama mai rufi daga ciki, in ba haka ba khal zai cinye ƙarfen ya yi tsatsa.

Dole ne in sake dafa kwalaben a ruwa bayan na cika su?

A nan an rabu. A Ingila da wasu ƙasashen Turai mutane da yawa zubawa kawai suke yi da zafinsa su rufe. Ma'aikatar Noma ta Amurka kuwa shawararta ita ce a dafa kwalaben a rufe cikin ruwa mai tafasa, kuma ta daina goyon bayan tsohuwar dabarar kifa kwalba ko toshe saman jam da kakin kyandir. Ni da ta biyun na tsaya, musamman in wurin ajiyar na da ɗumi ko an rage sukari, ko kuma kyauta za a ba wani. Minti goma ne, kuma yana korar iskar da funfuna ke bukata.

A shimfiɗa tsumma ko raga a gindin babbar tukunya don kada kwalaben su zauna a kan ƙarfe. Ruwa ya haura murafen da santimita 3 zuwa 5. A fara ƙirga minti 10 daga lokacin da ruwan ya tafasa sosai, masu zama kan tudu su ƙara minti ɗaya a duk mita 300. A ciro su a tsaye, a jera kan tawul, kada a taɓa su sai washegari. Sannan a danna tsakiyar kowane murfi. Wanda ya lotsa ciki bai motsa ba ya kama. Wanda ya yi "ƙwas" ya dawo, firji za shi, a fara ci da shi.

Ta ina dafa catni ya bambanta da na jam?

Jam wuta mai ƙarfi yake so na ɗan lokaci, catni kuwa ƙaramar wuta da haƙuri, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, tukunya a buɗe. Ba ruwansa da fektin, ƙonewar ruwa ce ke ba shi kauri. Ana yanka komai ƙanana daidai wa daida, ɗanyen mangwaro ko tuffa ko tumatir, da albasa, citta, tafarnuwa, barkono, zabibi, gishiri, sai kanumfari ko kirfa ga mai so. Can wajen ƙarshe kada a matsa daga bakin murhu, don a lokacin yake kama gindi. In aka ja cokali a gindin tukunya hanya ta buɗe, ta ɗan jima ruwa bai taru a cikinta ba, ya yi.

Khal ɗin ya zama mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, ana rubutawa a jikin kwalbarsa. Kayan ƙamshi busassu a yi wasa da su yadda ake so. Abin da ba a taɓawa shi ne yawan khal, da kuma yawan albasa da sauran kayan lambu marasa tsami, don ƙara su daidai yake da rage khal. Mai yanka ɗanyen mangwaro kuma ya kula da ƙaron ɓawonsa, yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, safar hannu na maganin wannan.

Na ɗanɗana catni ranar da na yi, khal ya kusa shaƙe ni. Na yi kuskure?

Haka sabon catni yake. A rufe a manta da shi wata ɗaya zuwa uku a wuri mai duhu. Kaifin khal zai kwanta, yaji da zaƙi su shiga juna.

Gaskiya ne abincin kwalba na iya kisa? Zan iya adana wake, masara ko nama ta wannan hanya?

Gaskiya ne, kuma wannan ce amsar da ta fi kowace nauyi a shafin nan. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum da ke zaune cikin ƙasa. Irinta ba ya mutuwa a ruwa mai tafasa na digiri 100. In ya samu wurin da babu iska, da laima, tsami kuma ya yi ƙasa, wato pH ya haura 4.6, sai ya farka ya saki guba mai shanye jiki. Kwalbar da aka rufe da kyau irin wurin da yake so ke nan, kuma gubar ba lallai ta sauya wari ko launi ba. Alamunta sun haɗa da gani bibbiyu, nauyin fatar ido, wahalar haɗiya da magana, da raunin da ke saukowa daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya ga haka bayan cin abincin kwalba asibiti za a kai shi nan take.

Jam na 'ya'yan itace masu tsami da catni mai isasshen khal suna ƙasa da 4.6, shi ya sa tafasa a ruwa ta ishe su. Wake, masara, karas, nama da kifi ba sa cikin wannan sahu. Su sai tukunyar matsi ta musamman da ke kai zafi digiri 116 ko fiye, da awon lokaci da aka gwada a ɗakin bincike. Tumatir a kan iyaka yake, dole a ƙara masa tsami. Tafarnuwa da aka nutsar cikin mai aka bari a kan kanta ita ma ta sha jawo wannan cuta. Jam ɗin gwanda, ayaba ko kankana, in ba da awon da masana suka gwada aka yi shi ba, a ɗauke shi a matsayin na firji ko firiza.

Na ga funfuna a saman jam. In kwashe in ci sauran?

Da haka ake yi, amma shawarar masana lafiyar abinci a yau ita ce a zubar da duka. Abin da ake gani a sama kai ne kawai, saiwoyinsa na ratsa abu mai laushi zuwa ƙasa, kuma wasu nau'o'in funfuna na sakin guba. Haka kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi tsartuwa da aka buɗe, ko take warin giya. Kada a ɗanɗana don a tabbatar.

Har yaushe zai kai?

Kwalbar da ta kama, a wuri mai sanyi, bushe, mara hasken rana, shekara ɗaya ce ƙa'idar da aka saba bi. Bayan haka launi da ƙamshi ke fara ja da baya, jan sitiroberi ma tun kafin nan yake komawa ruwan ƙasa. Da zarar an buɗe, firji, a cinye cikin wata ɗaya, mai ƙarancin sukari kuma ƙasa da haka kamar yadda aka faɗa a amsar sukari. Cokalin da za a tsoma ya zama busasshe mai tsabta, wanda ya taɓa man shanu ko ɓurɓushin burodi kada ya koma ciki. A manna takarda a jikin kowace kwalba a rubuta abin da ke ciki da ranar da aka yi, don bayan wata shida jam ɗin mangwaro da catnin mangwaro kama ɗaya suke yi a kan kanta.